Wankin Kayan Mama Lilawati

Duk wanda ya zauna unguwar Nuzla ta Jidda kafin a rushe ta, in dai yana sa fararen kaya, ya san Hikima mai wanki. Doguwar mace ce, baƙa, hannuwanta duk sun yi kanta saboda ruwa da sabulu, ga ta da baki. In ka kawo mata tob, doguwar farar rigar nan, da ka zuba wa miya, sai ta tambaye ka ko da ƙirji kake cin abinci. Amma fa in ta wanke ta goge, sai ka rantse yanzu aka ciro shi daga shago. Shekararta sittin da biyu lokacin da wannan abu ya faru, kuma a lokacin duk abin da ta mallaka a duniya bai wuce ɗaki guda ba, shi ma na aro, a bayan kicin ɗin wani Ba'indiye a unguwar Bani Malik. In ta rasa ɗakin nan, babu abin da ya rage mata sai tarhil, wato a tattara ta a mayar ƙasar da ta baro tun tana 'yar shekara bakwai.

Asalinta wani ƙauye ne gabas da Damagaram. Da ubanta ya rasu, uwarta ta riƙo hannunta suka bi ayarin masu zuwa hajji ta ƙasa, a bayan babbar mota, ta Cadi, ta Sudan, suna tafiya suna tsayawa ƙwadago, sai da suka yi wata goma sha ɗaya kafin jirgin ruwa ya sauke su a Tashar Jidda. Hikima ba ta tuna komai na ƙauyen sai wata rijiya da kurna a gefenta. Suka sauke farali, komawa ta gagara, kamar yadda ta gagari dubban mutane kafin su. Uwar ta samu lungu a Nuzla ta kama wankin alhazai, 'yar kuma ta taso a gindin baho.

A nan ta koyi cewa kowane yadi da halinsa. Fari yana son ruwan zafi da ɗan bula. Na ulu ba a murɗe shi. Mai launi kuwa, musamman na Indiya da ya yi suna wajen zuba, sai an fara jiƙa shi a ruwan sanyi da gishiri don launin ya kama, sannan a yi maganar sabulu. Uwarta da ranƙwashi ta koya mata waɗannan, shi ya sa suka zauna daram. Ta kai har matan Larabawa suna aiko direba daga arewacin gari da kayan amare, a ce a kai wa 'yar Takarun nan ta Nuzla, ita kaɗai. Hikima ba ta iya karatun boko ba, ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, amma a kan wanki ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, kuma ba ta taɓa ɓata wa mutum ko hankici ba.

Aure sau ɗaya ta yi, da Na'ibi, ɗan dako a tashar jirgi, mutum mai sanyin hali wanda in ta fara faɗa sai ya ɗauki buta ya ce lokacin salla ya yi, ko da hantsi ne. A kan iƙamarsa take, wato takardarsa ta izinin zama, sunanta a ƙarƙashin nasa. Ta haihu biyu, babu wanda ya kai yaye. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ran nan da azahar ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhunan shinkafa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Takardarta ta bi shi kabari, don kafilin, ubangidan da ya tsaya wa ɗan dako, ba shi da abin yi da matar ɗan dako. Ta yi kuka har ta gode Allah, ta gama takaba, ta koma gindin baho. A Nuzla ba a cika tambayar takarda ba. Lungunan sun fi ƙarfin mota, kuma kowa ya san damuwar maƙwabcinsa, ya rufa masa asiri.

Sai ga shekarar rusau. Aka wayi gari da jan fenti a bangon gidaje, aka ba da wa'adi. Kai, wanda bai ga ranakun nan ba kada ya ce ya san tashin hankali. Tsofaffin da aka haifa a lungun suna zaune kan katifunsu a bakin titi, sun rasa wanda za su kira. Mutane suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Aminiyarta Jamilatu mai ƙosai ta koma wajen 'yarta can bayan gari, su tara a ɗaki biyu, ko tabarma babu inda za a ƙara shimfiɗawa.

Wanda ya tsince ta shi ne Harish, wani injiniya Ba'indiye mai aiki da wani kamfanin kwantena a tashar jirgi, wanda ta yi shekara goma sha ɗaya tana yi wa wanki Litinin da Alhamis. Alhamis ɗin nan ta zo da ƙullin kayanta a ka, dutsen guga a hannu. Ya buɗe mata ɗakin ajiya na bayan kicin, ya ce da guntun Larabcinsa uwarsa ta tsufa, matarsa da yara sun koma Indiya saboda makaranta, yana bukatar mai kula da ita. Ya san abin da doka ta tanadar wa wanda ya ajiye marar takarda. Ita ma ta san ya sani. Tun daga ranar yake ce mata Khala, wato inna, ita kuma tana ce masa Muhandis, wato injiniya.

Uwar, Mama Lilawati, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba, kullum cikin farin zane, ga fitina. Ba ta cin nama, ba ta cin kifi, ko albasa ba a shigo da ita gidan. Hikima da ta tashi da romon kai, sai ranar Juma'a take zuwa wajen Jamilatu ta huce haushi, ta dawo ta wanke baki sau uku, duk da haka tsohuwar sai ta shinshina ta girgiza kai. Mama ba ta jin Larabci, Hikima ba ta jin Indiyanci, amma shekara biyu suka yi suna faɗa suna shiryawa, kowace da yarenta. Hikima ke yi mata wanka, ta shafa mata man kwakwa a ka, ta matsa mata ƙafa. In Hikima ta tayar da salla, tsohuwar sai ta ajiye 'yar ƙararrawar da take kaɗawa wajen ibadarta, ta yi shiru har a sallame. Wannan kaɗai ya sa Hikima ta yafe mata albasa.

Abu ɗaya ne a gidan hannun Hikima bai taɓa kai wa ba. Wani babban ƙyalle ne mai zane, ya kai tsayin ƙofa, faɗinsa ya fi haka, rataye a bango bayan 'yar kantar da Mama ke kunna fitilar man shanu. Picwai take kiransa. Bakin Hikima ya kasa, ta sa masa labulen Mama. A tsakiya an zana wanda tsohuwar ke bauta wa, baƙi-baƙi, hannun hagu a ɗage sama, manyan idanu suna kallon ƙasa. Kewaye da shi fararen shanu ne jere-jere, kowace ta ɗaga wuya tana dubansa, an ɗora musu shatin tafin hannu ja a jiki kamar lalle. Ƙasa ruwa ne cike da furen bado, sama kuma cikakken wata da ɗawisu biyu. Harish ya taɓa gaya mata cewa a garinsu, Natduwara, irin waɗannan ƙyallen ake ratayawa a bayan abin bauta a ɗakin ibada, ana sauya su bisa damina da rani da ranakun biki, kuma kakansa, uban Mama, sana'arsa ke nan. Wannan shi ya zana wa 'yarsa da za ta tafi gidan miji, wata bakwai yana kansa.

Hikima dai musulma ce, in ta zo wucewa sai ta kawar da kai daga na tsakiyar. Amma shanun, wallahi tana satar kallonsu, ta ce wanda ya zana su ya san saniya. Mama ba ta bari kowa ya taɓa. Sai ta yi wanka ta sauya zane, sannan ta ɗauki gashin ɗawisu ta kakkaɓe ƙurar da kanta. Sau ɗaya Hikima ta matso da jiƙaƙƙen tsumma, tsohuwar ta daka mata wata tsawa da ba ta taɓa zaton za ta fito daga wannan ɗan jikin ba. Hikima ta ji zafi ƙwarai. Ta ɗauka don tana cin nama ne, ko don ba addininsu ɗaya ba, ta ce a ranta to ai shi ke nan, kowa ya riƙe nasa. Ba ta sake matsawa ba, kuma tunda ba ta taɓawa, babu wanda ya ga dalilin yi mata bayani. Da a ce wani ya ɓata minti ɗaya ya gaya mata!

Da ciwo ya kwantar da Mama, Harish ya mayar da labulen ɗakinta, ya rataye shi daf da gado inda hannunta zai kai. Wata biyar tana kwance tana shafa gefensa da hannu mai maiƙo, ga hayaƙin fitila, ga danshin Jidda da ba ya barin komai. Gefen ƙasa ya yi baƙi, funfuna ta fara fitowa a kusurwa. Hikima tana gani, abin yana sukar ta, don ita datti a yadi kamar tsakuwa ce a shinkafa, amma ta danne.

Wata Talata da hantsi, Hikima na ba ta ruwa da cokali, tsohuwar ta riƙe mata yatsa, can kuma ta saki. Shi ke nan. Hikima ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa kamar yadda ta yi wa uwarta, ta rasa addu'ar da za ta yi, sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Ta so matar nan, kuma ba ta ɓoye ba.

Su a al'adarsu ƙona gawa ake yi, a nan kuwa ba a yi, don haka sai da aka kwashe kwana shida ana takardu kafin a sa ta a jirgi. Harish zai bi ta, zai yi mako uku. Ranar tafiyar ya tsaya a ƙofar kicin, idanunsa jawur, ya miƙa mata makullan gidan gaba ɗaya.

"Khala, ɗakinki naki ne. Ba don Mama ta tafi ke ma za ki tafi ba. In na dawo, akwai wani abokina ɗan ƙasa, zan yi masa maganar takardarki."

"Allah ya saka da alheri, Muhandis. Allah ya ba ka haƙuri."

Shekara tara rabon da wani ya yi mata maganar takarda. Ranar ta ci abinci ta ƙoshi.

To, a inda Hikima ta taso, ba a barin kayan mamaci da datti. Mata kan taru su wanke duk abin da jikinsa ya taɓa, zane, mayafi, zanen gado, har rigar matashi, a shanya, a ninke, kafin magada su zo su gani. Hidimar ƙarshe ke nan da ake yi masa. Ta yi wa uwarta, ta yi wa Na'ibi, ta yi wa rabin tsofaffin Nuzla fisabilillahi. Mama ba ta da 'ya mace a Jidda, ba ta da ƙanwa. In Hikima ba ta yi ba, wa zai yi?

Washegari ta fara tun da safe. Fararen zannuwa goma sha huɗu, da mayafai, da tawul, kafin hantsi saman bene ya cika da shanya. Sai ta dawo ɗakin ta tsaya gaban labulen. Ta daɗe a tsaye. Abu biyu suka riƙe ta, tsawar nan ta Mama, da kuma tunanin ko ya halatta musulma ta yi wa irin wannan abu hidima. Ta dubi baƙin da hannun tsohuwar ya bari a gefe, ta dubi funfunar. Ta ce a ranta ba don na tsakiyar za ta yi ba, don mamaciya za ta yi, kuma ɗan nan da ya rufa mata asiri bai kamata ya dawo ya tarar da abin kakansa yana ruɓewa ba. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sauya zane kamar yadda ta ga Mama na yi, ta yi bisimilla ta sauke shi.

Kada kowa ya ce ganganci ta yi. Da ganganci ne da ya zo da sauƙi. Iyawarta ce ta cuce ta. Ta san kayan Indiya da zuba, don haka ba ta kusanto da ruwan zafi ba, ba ta sa sabulu ba. Ta tara ruwan sanyi a babban baho, ta zuba gishiri cikin tafi uku, ta ninke ƙyallen a hankali ta nutsa shi, ta danna da tafin hannu don ya sha, ta hau bene juya shanya. Ta ba shi rabin sa'a, kamar yadda uwarta ta koya mata.

Da ta sauko, tun daga ƙofar banɗaki ta hango ruwan. Ba ja ba ne, ba kore ba, wani irin launin kwata ne mai kauri, da ɗan ƙyallin zinariya yana yawo a sama. Ta zura hannu ta ɗago, sai launin ya biyo yatsunta yana silalewa, santsi-santsi. A nan ta gane. Ba rini ba ne, bai taɓa shiga cikin zaren ba. A sama yake zaune kamar tawada a kan allo, ita kuma ta jiƙa allon.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta fizge shi daga ruwan ta shimfiɗa a tayil, ta dinga dannawa da tawul, duk inda ta danna sai tawul ɗin ya ɗauke abin da ya rage. Shanun sun narke, sun koma fari-fari kamar kunun da ya zube. Watan ya tafi. Na tsakiyar ya zama wani dogon tabo mai duhu, ba ido ba hannu. Furen bado uku ne kawai suka tsira, a kusurwar da ta leƙo saman ruwa. Hikima ta zauna a jiƙaƙƙen tayil har aka kira azahar, aka kira la'asar, shanyar bene ta bushe ƙamas, ba ta tashi ba.

Kwana ashirin suka rage mata, kuma babu inda ba ta buga ba. Ta naɗe ƙyallen cikin zanen gado ta kai wa Abdulghani, wani dattijo ɗan Cadi da ya yi shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna a Balad, tsohuwar kasuwar cikin gari. Fitar ma kanta kasada ce ga marar takarda, amma ta fita. Ya shimfiɗa shi, ya lakaci gefen da ɗan yawu ya shinshina, ya ce ƙaro ne. Dutse ake niƙawa da ƙasa mai launi, a kwaɓa da ƙaro irin dai na tawadarmu, a bi da gashin da bai kai na gira kauri ba. Ta roƙe shi ya mayar mata, ko shanun ne kawai. Ya ce shi haruffa yake zanawa da hoton gasasshiyar kaza, kuma ko da ya iya, mai ƙyallen zai gane tun daga bakin ƙofa, don abin da ya tafi hannun wani mutum ne, mutumin kuma ya daɗe da mutuwa. Ya zuba mata shayi, ta kasa sha.

Jamilatu kuwa ba ta tsaya kwana-kwana ba. Ta ce ta jefa shi a sharar wata unguwa, in ya tambaya ta ce ita ba ta taɓa taɓa shi ba, ai shi kansa shaida ne, ƙila masu ɗaukar gawa ne suka haɗa da shi.

"Ke Hikima, ɗaki ne fa. In kin rasa shi ina za ki? Nan kin ga yadda muke kwana."

"Mutumin da ya ba ni makullinsa zan duba in yi wa ƙarya?"

"To ki faɗi gaskiya ki kwana a titi."

Hikima ta so ta yi fushi, ta kasa, don Jamilatu ba ta faɗi ƙarya ba. Me ta sani a Nijar? Hausarta ma rabi Larabci ce, sababbin zuwa dariya suke yi mata in ta ce halas ko yalla a tsakiyar magana. Uwarta a nan take kwance, mijinta a nan, 'ya'yanta biyu a nan. Can ba ta da gida, ba ta da gona, ba ta san ko rijiyar nan tana nan ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar rusau. Har bakin babban kwandon shara ta kai da ƙullin, sau biyu, ta tsaya tana kallon kuliyoyi suna tono, ta juyo da shi.

Abin da ta iya shi ta yi. Ta goge shi ta baya da dutse mai ɗumi-ɗumi, ta ninke kusurwa da kusurwa, ta ɗora a ƙarshen jerin zannuwan Mama. Abinci ya daina wuce mata. Ta rame har sai da ta ƙara wa zanenta ɗauri.

Harish ya dawo ranar Litinin da la'asar, an aske masa kai ƙwal kamar yadda suke yi wa mai makoki, ya kawo mata mayafi da alewar madara. Ya shiga ɗakin uwarsa, ya ga zannuwan a jere suna ƙamshi, ya juyo ya haɗa tafukansa ya gode mata. Sannan ya dubi bango.

Ba ta bari ya tambaya ba. Ta ɗauko ta miƙa masa da hannu biyu, ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi wa wani namiji ba in ba Na'ibi ba, ta faɗa masa komai, ruwan sanyin, gishirin, rabin sa'ar. Ta gaya masa haka suke yi wa mamatansu.

Ya warware shi a kan gadon. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi ihu, da ya zage ta, wallahi da ta fi jin sauƙi. Sai ya ɗora yatsa kan tabon tsakiyar, ya ce a hankali shagon kakansa gobara ta cinye shi tun shi yana yaro, wannan kaɗai ya rage na hannunsa a duniya. Ya ce 'yarsa za ta yi aure baɗi, kuma Mama ta bar wasiyya a ba ta shi. Ya ce a can dangi sun tambaye shi, ya ce musu yana hannun amana. Ya ninke shi, ya shiga ɗakinsa da shi ya rufe.

Bai kore ta ba. Masu jin labarin sukan so a ce ya kore ta, don a samu wanda za a zaga, amma bai kore ta ba. Kwana goma sha biyu suka yi a gidan. Ya daina cin abincin da ta dafa, kullum sai ya ce ya ci a waje. In ya ji motsinta a kicin, sai ya jira ta shiga ɗaki kafin ya fito. In suka yi kiciɓis a falo ya ce Khala, idonsa ya sauka kan hannuwanta, sai ya yi sauri ya kawar. Maganar abokin nan ɗan ƙasa ba ta sake tasowa ba, ita kuma ba ta da bakin tuna masa. Tana gani da idonta mutumin kirki yana ƙoƙarin yafewa, abin yana gagararsa, yana ta ramewa a cikin gidansa saboda ita. Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Rana ta sha uku da safe, ya shirya zai fita aiki, sai ya tsaya a ƙofar kicin, kansa a ƙasa.

"Khala, na san ba mugunta kika yi ba. Na rantse na sani. Amma duk sanda na gan ki, shi nake gani."

Ya ce ya nemi kamfani su mayar da shi masaukin ma'aikata, gidan ya yi masa girma, ƙarshen wata zai mayar wa mai shi. Masaukin na maza ne zalla, bai faɗa ba, ita ma ba ta bukatar a faɗa. Ya ce in tana da inda za ta, zai kai ta da motarsa. Ta ce tana da shi, kada ya damu. Ita ce ƙarya ɗaya da ta taɓa yi masa, kuma ya karɓa da sauri, don yana bukatarta.

Ba ta jira ƙarshen wata ba. Ta wanke masa duk rigunan aikinsa, ta goge, ta jera. Ta share ɗakin bayan kicin, ta ajiye makulli a kan tebur. Dutsen gugar ta aika wa Jamilatu, don an ce ba a barin mutum ya hau jirgi da kaya mai nauyi. Ta ɗauki ƙullinta ta tafi ofishin da 'yan ƙasarsu marasa takarda ke zuwa rubuta suna in sun gaji da ɓuya.

Layin ya yi tsawo, sai bayan azahar ta kai gaban teburi. Ma'aikacin wani magidanci ne mai tabarau, Hausarsa da Faransanci a ciki, ga alama ya gaji amma bai yi mata tsawa ba. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Sunan uba, ta faɗa. Gari, ta ce Damagaram. Ya tambayi shekarar da ta shigo, da ta faɗa sai ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya mayar da kai.

"Hajiya, wa zai tarbe ki a can? Sai an cika gurbin."

Ta laluba kanta kaf, ba ta samu kowa ba. Can sai ta tuno wani yayan uwarta da ya rako su bakin mota ranar da za su taso, ya ɗaga ta ya ɗora a kan buhuna. Shekara hamsin da biyar ke nan, kuma tun a ranar gemunsa fari ne fat.

"Alkasim. Kawuna ne."

"Lambar wayarsa fa?"

"Ba shi da waya."

"Yana nan dai da rai ko?"

"Haka na baro shi."

Ya rubuta, ya buga hatimi, ya nuna mata bencin mata, ya kira na gaba.